Fitilar Balan-balan Ta Masu Shirya Fim: A Yi Lissafi Kafin A Zuba Jari

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan da ake shiryawa a ƙasar nan, na Legas ne, ko na Kano, ko na Jos, ya san inda gazawarsu ta fi fitowa fili, wato wurin nuna dare. Ko dai a dalle fuskar ɗan wasa da fitila mai zafi har gumi ya riƙa keto masa, inuwarsa ta miƙe a bango, bayansa kuma duhu ƙirin, ko kuwa a ɗauki hoton da rana tsaka, daga baya a dusashe shi a kwamfuta a ce dare ne, alhali ga inuwar hantsi nan ƙarƙashin ƙafafun mutane. Tun daga Turmin Danya na shekarar 1990 da Living in Bondage na 1992 an sami ci gaba mai yawa ta fuskar kyamara da sauti da tace hoto, to amma haske bai sami nasa rabon ba, domin kuwa kuɗin kyamara sauka yake yi a kai a kai, shi kuwa haske yana bukatar wuta, da ƙarafa, da ma'aikata, da lokaci.

Akwai wata na'ura da manyan kamfanonin fim na duniya suka rage wannan matsala da ita kimanin shekara 30 ke nan, wato fitilar balan-balan. Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne harka ce da ta cancanci jarin 'yan kasuwarmu, amma bisa sharaɗi biyu. Na farko, a shige ta da niyyar ba da haya, domin masu saye ba su da yawa. Na biyu, a fara da irin wadda fanka ke hurawa da iskar da muke shaƙa, a bar mai tashi sama da iskar hiliyom ga 'yan kamfanoni ƙalilan masu ƙarfin ɗaukar nauyinta. Ga dalilanmu.

Ita dai wannan fitila wata babbar jaka ce da ake ɗinkawa da yadi mara nauyi wanda haske ke ratsawa, sa'an nan a rataye ƙwayayen fitila a tsakiyarta. Idan aka hura ta aka kunna, sai yadin ya tarwatsa hasken ta kowace fuska, ya sauko a hankali kamar na farin wata, ba ya kashe ido, ba ya kuma jefa inuwa mai kaifi. Akwai mai siffar ƙwallo, akwai doguwa kamar gora, akwai kuma mai faɗi kamar katifa. Sau da yawa akan lulluɓe samanta da yadi mai ƙyalli don hasken ya komo ƙasa, ko a ɗaura mata baƙin zane a gefe don a tsare hasken daga inda ba a bukatarsa.

Wani Bafaranshe mai suna Pierre Chabert ne ya fito da irinta ta zamani, shi ne kuma ya kafa kamfanin Airstar a yankin Grenoble na ƙasar Faransa a shekarar 1994. Abin da ya fito da sunanta shi ne fim ɗin Titanic na 1997, wanda James Cameron ya ɗauka a Rosarito ta ƙasar Meziko, inda aka gina kwatankwacin jirgin ruwan mai tsawon fiye da mita 200, kuma yawancin abin da ya faru a ƙarshen labarin cikin dare ne a kan ruwa, inda ba wurin kafa turakun fitila. A shekarar 2003 hukumar da ke ba da kyautar Oscar a Amurka ta karrama Chabert da lambar yabo ta fasaha saboda wannan aiki. Wasu kamfanoni a Turai da Amurka da Asiya su ma sun shiga ƙera irinta.

Amfaninta ga mai shirya fim a bayyane yake. Kafin zuwanta, wanda ke son ya haska fili mai faɗi da dare sai ya yi hayar injin ɗaga kaya, ko ya kafa ƙarafa ya ɗora manyan fitilu a kai, aikin da kan ci yini guda da ma'aikata masu yawa. Ita kuwa mutum biyu ko uku kan hura ta su ɗaga ta cikin ɗan lokaci, in an so canza wuri kuma sai a ja igiyoyinta kawai. Daɗin daɗawa, haske mai taushi da ke fitowa daga abu mai faɗi ya fi karɓar baƙar fata, domin yana kwanciya a kan fuska ya fito da siffarta, maimakon ya ƙone goshi da hanci ya bar sauran cikin duhu. Ga masana'antar da kusan dukkan 'yan wasanta baƙaƙen fata ne, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

To amma ya kamata mai karatu ya san cewa iri biyu ne, kuma ko da yake a hoton talla kamanninsu ɗaya, lissafinsu ya sha bamban. Ta farko ita ce ake cikawa da iskar hiliyom, ta tashi sama da kanta, a riƙe ta da igiyoyi, wayar wuta kuma ta bi ta. Ta biyu ƙaramar fanka ce a cikinta ke hura ta da iskar waje, ba ta tashi da kanta, sai an ɗora ta bisa doguwar sanda mai ƙafa uku, ko an rataye ta. Ta farkon ce ke burge mai kallo, ita ce kuma dillalai suka fi nunawa, amma a cikinta ne kuɗi ke zurarewa.

Bari mu yi lissafin a fili. Kubik mita ɗaya na hiliyom, wato abin da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, da zurfin mita ɗaya, nauyin da yake iya ɗagawa bai wuce kimanin kilo ɗaya ba. Balan-balan mai siffar ƙwallo da faɗinta ya kai mita 4 tana cin kubik mita 33 da rabi, ke nan abin da za ta ɗauka, har da nauyin yadinta da ƙwayayen fitila da waya, kimanin kilo 33 ne. Babbar tukunyar gas mai lita 50 da aka matsa sosai tana ɗauke da kimanin kubik mita 9, saboda haka sai an juye tukwane huɗu kafin ta cika. In faɗin ya kai mita 5, abin da za ta ci ya haura kubik mita 65, wato tukwane bakwai da ɗoriya. Sa'an nan hiliyom iska ce mai ƙananan ƙwayoyi ainun, tana zurarewa ta jikin yadi da bakin ɗinki ko da babu huji, don haka kullum sai an yi mata ciko. Ranar da aka gama aiki kuma, in ba a mallaki injin mayar da ita cikin tukunya ba, sai a sake ta ta bi sararin sama. Ashe ke nan wanda ya sayi wannan fitila bai gama biya ba, ya dai buɗe wa kansa ƙofar biya ne a duk lokacin da zai kunna ta.

Ita kuma hiliyom ba a ƙera ta a masana'anta. A ƙarƙashin ƙasa take taruwa sannu a hankali daga narkewar ma'adinan yuraniyom da toriyom, a kuma cikin iskar gas ta wasu rijiyoyi ƙalilan ake tace ta. Ƙasashen da suka yi fice wajen samar da ita su ne Amurka, da Ƙatar, da Aljeriya, da Rasha, kuma Nijeriya ba ta cikinsu duk da cewa tun 1999 take fitar da narkakkiyar iskar gas daga Bonny. Da yake masu ita kaɗan ne, duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikinsu sai duniya ta ji a jika. A watan Yuni na 2017, lokacin da Saudiyya da ƙawayenta suka rufe iyaka da Ƙatar, masana'antun hiliyom na Ras Laffan sun tsaya cik na 'yan makonni saboda hanyar da ake bi da kayan ta toshe. A ƙarshen 2021 da farkon 2022 gobara ta tashi a sabuwar masana'antar Amur ta Rasha wadda aka sa ran za ta wadata kasuwa, ƙaranci ya tsananta, farashi ya hau. Ita ma gwamnatin Amurka, wadda ta daɗe tana riƙe da babban rumbun hiliyom kusa da Amarillo a jihar Texas, ta fara shirin janye hannunta da dokar 1996, daga ƙarshe ta sayar da rumbun ga kamfanin Messer a 2024. Gaskiya ne an gano hiliyom mai yawa a yankin Rukwa na Tanzaniya a 2016, an kuma fara tace ta a jihar Free State ta Afirka ta Kudu a 2023, amma ɗan kasuwa ba ya gina jarinsa a kan abin da bai iso kasuwa da yawa ba, domin wannan cinikin biri a sama ne.

Bugu da ƙari, mai shirya fim ba shi kaɗai ke neman wannan iska ba. Hiliyom ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, shi ya sa da ita ake sanyaya na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki na asibiti da ake kira MRI. Masu ƙera sassan kwamfuta, da masu harba rokoki, da masu wasu nau'o'in walda duk suna bukatarta. A duk lokacin da aka shiga ƙaranci, kamfanonin da ke rarraba ta kan fara da asibitoci da manyan masana'antu, mai balan-balan shi ne na ƙarshen layi, kuma babu mai hankalin da zai ce an yi masa rashin adalci. A nan gida kuwa ga wata ƙarin wahala: da kuɗin waje ake sayo ta. Kafin watan Yuni na 2023 Dalar Amurka ɗaya ba ta kai Naira 500 ba a farashin hukuma, amma ya zuwa farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya ƙulla yarjejeniyar haya da Naira, alhali kayan aikinsa na kullum da Dala ake sayensu, ya san abin da irin wannan sauyi ke yi wa riba.

A nan wajibi ne mu yi wani gargaɗi. Kada tsadar hiliyom ta sa wani ya yi dabarar cika fitilar da iskar haidurojin don ta fi araha, kuma ana iya haɗa ta a gida. Hiliyom ba ta kama wuta, haidurojin kuwa ƙyastu ɗaya take jira. Ita ce ke cikin jirgin Hindenburg na Jamus da ya ƙone a Lakehurst ta Amurka a 1937, mutum 36 suka halaka. Haɗa irin wannan iska da ƙwan fitila mai zafi da wayar lantarki bisa kawunan jama'a ganganci ne da rayuka, kuma babu ribar da za ta biya diyyarsa.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Babban abokin gabar balan-balan mai tashi shi ne iska. Da zarar ta yi ƙarfi sai fitilar ta shiga lilo, hasken ya riƙa kai da komo a fuskar 'yan wasa, dole a sauke ta a jira. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kaɗawa da ƙura, wadda ke dusashe farin yadi, da farkon damina kuma hadari kan taso da guguwa ba sallama. Zafi da tudu su ma suna rage mata ƙarfi, domin iskar wurin ba ta da nauyi sosai. Garin Jos, inda Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya take, yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, saboda haka balan-balan da ta ɗaga kilo 33 a Legas za ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta a can.

Ita kuwa mai fanka ba ruwanta da yawancin waɗannan matsaloli. Iskarta kyauta ce, ko yadin ya sami ɗan huji fankar na ci gaba da cika ta, kuma da yake a kan sanda take, ƙaramar iska ba ta wasa da ita. Ana naɗe ta a sa a bayan mota. Abin da ya ƙara mata daraja shi ne sauyin da aka samu a ƙwayayen fitila. Tsohon ƙwai mai zaren tangistan yawancin wutar da yake ci zafi take zama. Ƙwan HMI, wanda kamfanin Osram na Jamus ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, yana ba da kusan ninki huɗu na hasken tangistan da wuta iri ɗaya, ga shi kuma da launin hasken rana. Ƙwan LED na zamani shi ma ba ya cin wuta, ba ya zafi sosai, wasu ma ana iya sauya launinsu, kuma ƙananansu na aiki da batir. Tun da lita ɗaya ta man dizal ba ta ba da abin da ya wuce kimanin kilowat 3 na tsawon awa guda a janareta, fitilun tangistan masu kilowat 10 da aka bari a kunne awa 10 za su sha fiye da lita 30, alhali kwatankwacin wannan haske da sababbin ƙwayaye ba zai kai rabin haka ba. A ƙasar da litar dizal ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2023, wannan bambanci kaɗai ya isa ya jawo wa mai haya abokan ciniki.

Me ya sa muka ce haya? Domin haka harkar take ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi. Kamfanin Panavision na Amurka, wanda kyamarorinsa suka ɗauki ɗimbin manyan finafinai, ya shafe shekaru da dama ba ya sayar da su, haya kawai yake bayarwa. Mai shirya fim na iya bukatar hasken dare na kwana uku cikin aikin wata guda, ba hikima ba ne ya daskarar da jarinsa a kan kayan da za su kwanta a ɗakin ajiya sauran shekara. Ribar mai haya kuwa tana ga yawan dararen da kayansa suka kwana a waje. Mu ɗauka, alal misali, kuɗin kayan ya yi daidai da kuɗin hayar dare 100. In masu fim kaɗai yake jira, suna ɗauka dare 4 a wata, sai ya yi wata 25 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. In kuwa kayan na fita dare 12 a wata, cikin wata 9 ya fita. Ga wanda ya ci bashin banki a lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, kamar yadda ya yi a Nuwamban 2024, jiran shekara biyu na iya cinye ribar kakaf. Waɗanda ke guje wa riba kuma suna da hanyar ijara a bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, kuma kayan haya masu shigo da kuɗi a kai a kai sun dace da irin wannan tsari.

Daga ina sauran dararen za su fito? Daga wajen masana'antar fim. A Turai da Amurka da Japan ana amfani da fitilar balan-balan mai fanka wajen gyaran hanya da dare, saboda ba ta kashe wa direbobi da ma'aikata ido, haka nan ma'aikatan kashe gobara da na agajin gaggawa suna aiki da ita. A nan gida ga 'yan kwangilar gine-gine, ga wuraren saukale da lodin kaya, ga dakunan taro da filayen biki, ga tarurrukan siyasa, ga wuraren tafsiri da sallar dare a watan azumi, ga masu ɗaukar waƙoƙi da tallace-tallace. Mai fanka na iya shiga duk waɗannan wurare da kuɗin da jama'a za su iya biya. Mai hiliyom kuwa, in aka ɗora kuɗin tukwane huɗu ko bakwai a kan kuɗin haya, 'yan ƙalilan ne za su tsaya a yi ciniki.

Ba mu ce mai hiliyom ba ta da ranarta ba. Akwai aikin da sai ita: haska fili mai faɗin gaske daga can sama, ɗaukar hoto a kan ruwa, ko a cikin tsohon gini mai daraja inda ba a yarda a buga ƙusa a rufi ba, ko kuma inda kyamara za ta kewaya ta kowace fuska ba tare da ta hango sandar fitila ba. Manyan finafinan Legas da masu talla na kamfanoni za su bukace ta lokaci-lokaci, musamman tun da kasuwar waje ta buɗe bayan Netflix ya sayi Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018. To amma wannan bukata kamfani ɗaya ko biyu masu yarjejeniya tsayayya da masu shigo da gas sun ishe ta, kuma kasuwar wajen ba ta da tabbas, domin a farkon 2024 kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka. Wasu kuma za su ce, tun da yawancin masu kallo a wayar hannu suke kallo, wa ya damu da kyan haske? Amsa ita ce hoton da aka ɗauka cikin duhu a ƙaramin allo ya fi lalacewa, kuma mai kallon da ya saba da finafinan Indiya da Turkiyya da Koriya a wayar tasa ya riga ya san bambanci.

Ga wanda ya yanke shawarar shiga, ga 'yan abubuwan lura. Ya tabbatar kayan na ƙarfin wutar ƙasar nan ne, wato bolt 230, domin na kasuwar Amurka 120 ne. Ya sayo yadi na ajiya da kayan faci da fanka ta canji tun a odar farko, kada ƙaramin abu ya kwantar masa da jari wata uku. In ƙwan HMI ne, ya nemi na'urar daidaita wuta wadda ba ta sa haske ƙyaftawa a kyamara idan ana aiki da janareta. Kada ya ba da kaya haya ba tare da ma'aikacinsa ya bi su ba, ya kuma yi musu inshora ko takaful. In zai ɗaga mai hiliyom kusa da filin jirgin sama, ya nemi izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama tukuna.

Ita ma gwamnati da nata aikin. A shekarar 2013 gwamnatin tarayya ta ware Naira biliyan 3 don tallafa wa masana'antar fim, a 2019 kuma Babban Banki ya fito da shirin rance ga masu sana'o'in fasaha. Duk lokacin da za a sake irin wannan shiri, ya kamata a sa kamfanonin hayar kayan aiki a sahun gaba, domin kuɗin da aka ba fim ɗaya kan ƙare da fim ɗin, fitilar da aka saya kuwa za ta haska finafinai ɗari. Haka nan ya kamata makarantar koyon aikin fim da ke Jos ta ba da ƙarfi wajen horar da ma'aikatan haske, domin kaya ba sa aiki da kansu.

Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fid da shi. Harkar hasken fim kasuwa ce da ke jiran masu jari, kuma wanda ya riga shiga da lissafi zai ci moriyarta. Shawararmu ita ce ɗan kasuwa ya fara da 'yan fitilu masu fanka, ya horar da yaransa, ya nemi abokan ciniki a ciki da wajen masana'antar fim, ya ga yadda kasuwar take na shekara guda. In ta karɓe shi, ya kuma sami mai ba shi hiliyom a farashin da aka rubuta aka sa hannu, to sa'an nan ya ɗaga kai sama. Allah Ya sa a dace.